Takobin Kakan Amarya

Ba zan taɓa mantawa da bikin abokina Sale a Katagum ba, a shekarar da sojoji ke dawowa daga yaƙin duniya a ƙasar Bama. Lokacin ina dakon buhunan gyaɗa a Azare, kuma na yi imani babu mai ƙarfina daga nan har Gamawa (ni na faɗa, ba wanda ya gwada).

Kakan amarya, Malam Buba, yana da wani takobi da aka ce fatake suka kawo daga Tarabulus tun zamanin kakansa. Ba irin namu na ratayawa ba ne. Idan an tsayar da shi yana kai wa mutum kafaɗa, kuma da hannu biyu ake riƙe shi. A gari ana cewa sai ƙarti biyu ke ɗaga shi. Ban taɓa ganinsa ba, amma a hanya na shaida wa abokan ango cewa ya kai buhun gyaɗa nauyi, kuma ni kaɗai zan ɗaga shi.

Bayan ɗaurin aure aka fito da shi, aka shimfiɗe a kan tabarma ƙarƙashin rumfar zana don baƙi su gani. Sai Sale ya ce, "Malam, ga wani daga Azare ya ce shi kaɗai zai ɗaga."

Tsohon ya dube ni, ya ce, "To, bismillah."

A bakin zaure 'yan mata na leƙe, cikinsu har da Hadiza ƙanwar amarya (don ita na aro babbar riga). Na tuɓe rigar, na tofa yawu a tafin hannu, na durƙusa, na kama ƙota. Na tattaro duk ƙarfin da nake ɗaga buhu da shi, na fizga.

Ashe bai fi taɓarya nauyi ba.

Takobi ya yi sama da hannuwana, tsininsa ya huda zana ya ture sandar tsakiya. Ni kuma na tafi da baya, na zauna daram cikin ƙwaryar furar baƙi. Rumfa ta sauko a hankali ta rufe liman.

Da aka zaro liman, Malam Buba ya karɓi takobinsa, ya goge shi da gefen riga, ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Yaro, wanda zai yini yana sara a fagen fama, me zai yi da ƙarfe mai nauyin buhu?"

Na koma Azare da fura a wando. Hadiza ta auri wani tela daga Shira, kuma an ce har ta tsufa idan ta ga rumfa sai ta yi dariya. Ni dai tun daga ranar, duk abin da aka ce mini yana da nauyi, sai na fara taɓa shi da ƙafa kafin in tuɓe riga.