Hajiya Delu, Allura da Jan Zakara

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ina gajiya? Ya Sa'adiya da 'yar jinjirar? Wai tsaya tukuna, da wa nike gaisawa ne? Kabiru ne ko wancan mai dogon wuyan?"

"Mai dogon wuyan ne, ranki ya daɗe. Angon naki."

Hajiya Delu na zaune kan tabarma a ƙofar ɗakinta, a tsohon gidansu na unguwar Gobarau, tana tsince wake da lalube. Shekararta saba'in da huɗu. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ta fara cin na biyun. Sau biyu likitan ido yana sa mata ranar aiki, sau biyu tana wayar gari da ciwon da babu wanda ya san kansa. Yau ce rana ta uku. 'Ya'yanta sun yi lallashi har sun gaji, shi ne suka turo jikanta Haliru, mai aikin hawa ƙarfen sabis, don shi kaɗai ke gaya mata magana ta rama ba tare da ta yi fushi ba.

"Ango ne ke zuwa hannu rabbana? Ko ƙosan da ake toyawa bakin lungu bai ishe ka tsayawa ba?"

"Na zo da abin da ya fi ƙosai. Mota na bakin lungu. Tashi ki sa mayafi."

"Ina za mu?"

"Yawon amarci."

"Da wanga hantsin? Faɗi gaskiya, ɗan nema."

"Asibiti. Ƙarfe goma likita ya ce."

Hajiya ta ture tiren wake gefe, ta dafe ƙugu. "Ai kuwa ba ka taki sa'a ba. Yau ba ni da lafiya."

"To madalla. Dama marasa lafiya ke zuwa asibiti."

"Ciwon nawa ba na asibiti ba ne. Kuma idona lafiyarshi lau. Ga ka nan ina kallonka cikin wata koɗaɗɗiyar shuɗiyar riga."

"Fara ce, Hajiya."

"To datti ya maida ta shuɗiya. Ka gaya wa matarka ta riƙa wanki."

"Mairo ta maƙwabta ta ce shekaranjiya ta shigo ta iske ki kina gaida turmi. Har kina tambayarsa ya yara."

"Turmin ya fi wasu jikokin ladabi. Shi bai taɓa maida mani magana ba."

"Ranar Juma'a kuma kin zuba sikari a miyar kuka."

"Sabon girki ne. A GRA haka matan manya ke yi, kai ne baƙauye."

Haliru ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna kusa da ita. "Hajiya, mu daina zagaye-zagaye. Tsoron allura kike."

"Ni? Ni Delu? Ɗiya tara na haifa cikin ɗakin ga, ko ungozoma ba ta iske ni ina kuka ba. Na kashe kububuwa da muciya a bayan randar can, uwarka na kan gado tana salati. Ni za ka kira matsoraciya?"

"Ranar allurar tafiya aikin Hajji mata uku suka danne ki. Baba ya ba mu labari."

"Riƙe ni suka yi kada in mari yarinyar mai allurar. Ba ta gaishe ni ba."

"An ce har kin kira sunan kakarki."

"Addu'a nike mata. Laifi ne mutum shi tuna da magabata?"

Ana cikin haka wani jan zakara, ƙato mai tsayin ƙafa, ya fito daga bayan madafa yana taku ɗai-ɗai. Ya nufo tiren wake. Haliru ya janye ƙafafunsa, ya ja kujerar baya a hankali. Idon Hajiya ya raunana, amma kunnenta ko faɗuwar tsinke ba ta wuce shi.

"Mi na ji kamar an ja kujera?"

"Rana ce ta iso ni."

"Rana ta iso ka a ƙarƙashin rumfa? Ko dai mai gidan ne ya fito?" Ta tuntsire da dariya har tana buga cinya. "Allah mai iko. Wai yau wanda kaza ta yi wa korar kare ne ya zo yi mani gorin tsoro."

"Wannan tsohon zance ne. Ina ɗan shekara huɗu."

"Huɗu da rabi. Ina nan zaune inda nike. Ka je ka ɗauki ɗan tsako, uwar ta tashi sama ta dira a tsakar kanka. Sau ukku kuka zagaye tsakar gidan ga, kai gaba ita baya, wandonka ya zame ka bar mata shi. Cikin zanena ka shige. Kwana biyu in za ka ban ɗaki sai an goya ka."

"Yaro ne, kowa ya yi yarinta."

"Yarinta ta wuce, tsoron bai wuce ba. Watan jiya ranar sunan ɗiyarka aka ce ka kama kaji a kai wa mai yanka. Sai ka kara waya a kunne, ka ce daga wurin aiki ake kiranka. Wayar ko caji babu."

"Wa ya gaya miki?"

"Sa'adiya. Mu mata ba mu ɓoye wa juna asirin miji."

"Ni fa ba tsoronsu nake ba. Kallon nasu ne ba na so. Su karkace kai su zuba wa mutum ido ɗaya ta gefe, kamar sun san wani abu a kansa."

"Ni ma da ido ɗaya nike kallonka ta gefe, ba ka gudu ba."

"Ke ba ki da baki mai tsini."

"Haka kake gani."

Haliru ya yi dariya, amma idonsa na kan zakaran. "Hajiya, ni nake hawa ƙarfen da ya fi hasumiyar Gobarau tsawo. Daga can sama ina hango Batagarawa. Iska na kaɗa ni, ina ɗaura waya ina waƙa."

"Ai shi ya sa ka zaɓi aikin. Can sama kaji ba su kaiwa."

"Lokaci na tafiya. Tara ta wuce."

Hajiya ta gyara zama, ta harɗe hannu. "To ji nan. Tunda kai jarumi ne ni matsoraciya, kama mani jan zakaran ga da hannunka, ka kawo shi nan in taɓa. In ka yi, in sa mayafi in bi ka. In ba ka yi ba, ka koma ka gaya wa ubanka Delu na gaishe shi."

"Haba Hajiya. Ki ce in yi wani abu daban. In share miki rijiya."

"Rijiyata ba ta yi ƙorafi ba. Zakara na ce."

Ta faɗi haka ne don ta tabbata ba zai iya ba. Har ta jawo tirenta ta ci gaba da tsintar wake.

Haliru ya daɗe a zaune. Ya dubi zakaran, ya dubi tsohuwar. Hannunta na lalube cikin tiren, tana ɗaukar wake mai kyau tana jefarwa, tana barin tsakuwa. Sai ya cire hula da agogo ya ajiye kan tabarma, ya naɗe hannun riga.

"Mi kake yi?"

"Bismillah nake."

"Kai, da gaske kake? Bari in kira maƙwabta su zo kallo."

Zakaran ya ga mutum ya nufo shi, ya miƙe wuya ya bubbuga fukafukai. Haliru ya ja da baya taku biyu, ya sake matsowa. Suka zagaye turmi. Suka zagaye rijiya. Zakaran ya haye kan itacen girki, ya diro ta tsakanin ƙafafunsa, Haliru ya yi tsallen da ya ture bokitin wanke-wanke.

"Wa ke bin wani yanzu? Gaya mani, ba ni gani sosai."

"Ni nake bin sa."

"To mi ya sa nike jin Ayatul Kursiyyu?"

"Ta safe ce ban karanta ba."

"Riƙe wandonka dai da kyau. Wanga karon zanena ba ya ɗaukarka."

A lungun da ke tsakanin randa da katanga zakaran ya rasa hanya. Ya juyo ya fuskanci Haliru, ya karkace kai. Haliru ya tsaya, zufa na bin wuyansa. Ya runtse ido ya buɗe, sannan ya duƙa ya cafko shi da hannu biyu. Zakaran ya ƙwala kuka, ya sassare shi a wuyan hannu har sau biyu. Haliru bai saki ba. Ya taho da shi yana miƙe da hannu can nesa da ƙirjinsa, kamar wanda ya ɗauko garwashi, ya durƙusa gaban kakarsa.

"Ga shi."

Hajiya ta miƙa hannu ta shafa gashin zakaran. Daga nan yatsunta suka sauka kan hannun jikanta. Dariyar da ke bakinta ta tsaya.

"Hannunka rawa yake."

"Rawa yake."

"Har da jini."

"Ɗan kaɗan ne. Don Allah in sake shi?"

"Sake shi."

Zakaran ya fice yana ƙorafi. Haliru ya zube kan tabarma yana haki. Hajiya ba ta saki hannunsa ba, ta sa bakin zanenta tana goge wurin.

"Ina da shekara bakwai," ta ce, muryarta ta sauka, "muna ƙauye can bayan Batagarawa, aka ce masu lambar agana sun zo. Yayana Sagiru ya ja ni gefe ya ce mani, in allura ta shiga jikin mutum kanta karyewa yake, shi bi jini yana tafiya, yana tafiya, ranar da ya kai zuciya shi ke nan. Na gudu na faɗa rumbun gero. Tun hantsi har la'asar ina ciki, cinnaka na cizona, ban yi ko tari ba. Da aka zaƙulo ni aka yi mani lambar, wata guda ina kwana da hannu a ƙirji ina jiran ta iso."

"Kaka Sagiru? Wanda ya ce mana ya taɓa kokawa da kura ya kayar da ita?"

"Shi. Maƙaryaci ne na gidan gaba, Allah shi jiƙan shi. Na san ƙarya ce, Haliru. Kaina ya sani sarai. Cikina ne har yau bai sani ba. Balle yanzu da suka ce a ido za su yi."

"Nawa cikin ma bai sani ba. Kin ji yadda yake kaɗawa."

"Na ji. Kamar ana dakan fura."

"Mairo an yi mata nata aikin idon bara. Ta ce kafin ta gama istigfari ɗari an gama. Yanzu ita ke zura wa 'yan unguwa zare a allura."

"Mairo ai ba ta da hankalin jin tsoro."

"Zan riƙe miki hannu har ƙofar ɗakin. In sun yarda in shiga, in shiga. In ba su yarda ba ina nan bakin ƙofa, kina fitowa ni za ki fara ji. Kuma 'yar nan da aka sa wa sunanki, har yau da hannu kika san fuskarta."

Hajiya ta saki hannunsa. Ta lalubo murfi ta rufe tiren wake.

"Sun ce ta yi kama da ni."

"Sun ce. Ni dai ina yi mata addu'a ta canza."

"Ɗan banza. Shiga ɗaki, kan akwati akwai mayafina mai ruwan ƙasa. Ka haɗo da carbi. Kuma ka wanke hannun ga kafin ka riƙe ni, warin kaji kake."

Ya kawo mayafin ya yafa mata, ya jawo takalmanta ya saita mata su a ƙafa. Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe.

"Zakaran na ba ka shi," ta ce. "Tukuicin jarumta."

"Na gode, na yafe."

"Ba a yafe kyautata. In mun dawo ka kama abinka ka tahi da shi."

"A sake kamawa? Hajiya, ki bari in turo Sa'adiya."

Sun kai zaure ta tsaya cak. Haliru ya zaci ta fasa ne.

"Mene ne kuma?"

"Wani sabon tsoro ne ya taso mani."

"Na me?"

"Shekara biyu ke nan ina ganinka dishi-dishi, har na fara gaya wa mutane mijina kyakkyawa ne. In suka wanke idon ga na gan ka sarai, ban san ko auren zai kai Juma'a ba."

Haliru ya jingina da bangon zaure yana dariya har da hawaye. "Na sallama, Hajiya. Kin ci."

"Dama ni ke ci. Riƙe ni da kyau, akwai kwata a bakin ƙofa."