Ranar da gwiwa ta riƙe ni a gidan makoki

Matso kusa ka ji, don wannan ban cika faɗinta da ƙarfi ba. Ba zan taɓa mantawa da rasuwar yayan maigidana a Gazawa ba, kuma Allah ya yafe mini, ba don mamacin ba ne.

Shekara huɗu ke nan ina salla a zaune. Gwiwoyin sun cinye, in na motsa har ƙara suke kamar ana taka busasshen kara. Abin da nake roƙo kawai in sake kai goshina ƙasa. Sai aka kai ni Maradi wurin wani lokotoro mai yin ƙananan allurai a fatar gwiwa, tsik-tsik kewaye da ita, ba ya shiga can ciki (sunan aikin na Faransanci ne, ya ƙi zama a bakina). Ya ce zafi kawai za su rage, ƙashin da ya goge ba ya dawowa, kada in durƙusa. Na ji shi sarai. Ni da nake jin gulmar da ake yi bayan katanga biyu.

Zuwa na uku, zafi ya kwanta. Ba gidan da ban shiga ba a garinmu Cadawa, ina cewa na warke.

Ana cikin haka rasuwar ta zo. Tsakar gida cike da mata, matar mamacin, Yaya Hassu, tana zaune a tabarma cikin takaba. Aka miƙo mini kujera, na ture ta, na zube gwiwa biyu a gabanta yadda ake gaisuwa. Wani abu ya ce ƙas. Na kurma ihu.

Mata suka ɗauka kukan mutuwa nake, biyu suka taya ni. Wata tsohuwa ta daka mini tsawa, ta ce in ji tsoron Allah, addu'a mamaci yake so. Na kasa tashi, na kuma kasa cewa ƙafa ce. Yaya Hassu ce ta gane. Matar da aka binne mijinta da safe, ita ta tashi ta ciccibe ni.

"Sannu, ƙanwata," ta ce a kunnena. "Na san ba shi kike wa kuka ba."

Gwiwar ta kumbura wata guda, sujadar kuma har yau ban samu ba. Na dai koyi cewa ciwo in ya yi shiru, ba tafiya ya yi ba. Kai fa, da kai ne a gaban matar nan, za ka ce ƙafa ce, ko za ka bar su a kan kukan mutuwa?