Hanyar da Mota Ba Ta Bi

Ranar da Mardiyya ta fara haɗuwa da Zayyanu, bakinsa ta ji kafin ta ga fuskarsa. Ta zo kasuwar Sabon Birni daga Unguwar Lalle sayen zare, sai ga murya tana tashi daga rumfar masu faci.

"Ni da na hau duwatsun Jos da keke, gajimare na ƙarƙashina ina leƙensa? Ku bar ni da ƙasar Gobir! Babu wata hanyar da mota ba ta bi, daga nan har Isa, wadda ban san kakanta ba."

Ta leƙa. Wani siririn saurayi ne da hular kwano mai kama da rabin kankana, da wando wanda sai ka ce da mazurari aka zuba shi ciki. Kekensa mai giya ashirin da ɗaya, tayoyin kamar tsinken tsire. Wata uku kacal ya yi a Jos yana tsaron shagon wani ɗan'uwansu, amma in ka ji shi sai ka rantse da shi aka yi shawara kafin a kafa duwatsun.

Ya hau don ya nuna wa jama'a gwaninta, bai yi nisan jifa ba ya shige cikin albasar wata tsohuwa. Kasuwa ta kwashe da dariya. Shi kuwa, gwiwa tana jini, ya durƙusa ya tsince albasar ɗaya bayan ɗaya, yana goge kowace da rigarsa, yana cewa, "Yi haƙuri, Inna." Kowa ya tafi gida da labarin faɗuwar. Mardiyya ta tafi da labarin albasar, ba ta kuma faɗa wa kowa ba.

Shekara guda yana zuwa zance. Ba ya zuwa da turare, da littafi yake zuwa, wanda ya zana hanyoyin keke a ciki. Ka dai san ƙasar nan tamu, shimfiɗe take kamar faifai. To, Zayyanu ya gano tsauni goma sha ɗaya a cikinta. Bakwai suri ne, uku juji, ɗaya kuma ƙasar da aka fitar daga rijiya. Mardiyya takan saurara tana wasa da bakin mayafi. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

"Wai ke," in ji yayarta, Adda Surayya, "wanga Sarkin Tsaunin Juji kika so, ko tausai nai kika ji?"

Mardiyya ta ci gaba da tsince wake.

Mahaifinsu, Malam Lawwali, manomi ne mai 'yan shanu biyar, ba ya son magana mai tsawo. Ya aika da saƙo: "Shi zo ran Asabar kahin azahar, da wani babba nasu. In ɗiyata ta buɗa baki ta ce tana so, na ba shi. In ta yi shiru, shi bar cika mani ƙofar gida da ƙararrawa."

Ran Asabar kawun Zayyanu, Alhaji Alhassan, ya hau kabu-kabu da ƙullin goronsa, hantsi bai dubi ludayi ba yana zaune kan tabarma a ƙofar gidan. Zayyanu kuwa ya ce shi ba kayan dako ba ne da za a ɗora shi bayan babur. Ya sayi rabin buhun gishiri, tsaraba ga shanun surukinsa, ya goya a baya, ya ce burtali zai bi, hanyar da tun da aka halicce ta mota ba ta taɓa taka ta ba.

Gaskiya ya faɗa. Abin da bai tambaya ba shi ne dalili. Burtali hanyar shanu ce, rairayi ne da ƙaya, kuma farkon damina ne, lokacin da garkuna suke hawa arewa bayan sun yi watanni ba su lashi gishiri ba.

Wayar Mardiyya ta yi ƙara tana tsakar gida.

"Gimbiya, na ci Tsauni Na Ɗaya. Ko mota guda ban gani ba. Ki ce wa Baba shi shirya."

Bayan rabin awa ta sake ƙara. Numfashinsa kamar zugazugin maƙera.

"Lahiya kake haki?"

"Dabara ce ta 'yan Jos. In rairayi ya yi yawa, kai ka ɗaukar keken, don shi huta."

"Keken na bisa kanka ke nan?"

"Na ɗan lokaci."

Kira na uku gajere ne. Ya ratsa ta ƙarƙashin wata farar ƙaya, ta taɓa taya biyu, ta taɓa wando, ta kuma ɗan gaisa da buhun. Ba wani abu ba ne, in ji shi, har ma kayan sun fara yi masa sauƙi a baya.

Adda Surayya, wadda ta manna kunne, ta ce, "Gishirin na zuba, shi kuma yana godiya."

Kira na huɗu da raɗa ya yi shi.

"Mardiyya, shanu na bin mutum haka kawai?"

"Guda nawa?"

"Ban tsaya ƙirga ba. In na tsaya su tsaya, su matso. In na yi sauri su yi sauri. Akwai wata fara mai ƙaho, ita ce shugaba."

"Ka aje buhun mana!"

"Tsarabar Baba? Haba. In iso hannu biyu kamar wanda bai san ya kamata ba?"

Mardiyya ta dubi inuwar katanga. Inuwar ta kusa shigewa ƙarƙashin katangar gaba ɗaya. Malam Lawwali ya riga ya aika a kawo masa buta. Ta tsaya bayan zana tana leƙe ta wata 'yar kafa.

Ladan yana gyaran murya sai ga hayaniya daga bakin gari. Zayyanu ne a gaba, keke a ka, tayoyin suna reto, buhu a baya saura kamar mudu biyu. Gumi ya jiƙa gishirin ya bushe, ya mai da shi fari fat tun daga ƙeya har dunduniya. Bayansa shanu wajen arba'in, a jere, cikin natsuwa, kamar masu rakiyar amarya.

Ya sauke keken, ya durƙusa, ya kwashi gaisuwa. Malam Lawwali ya dube shi, ya dubi garken, fuskarsa ba ta motsa ba.

"Samari, wanga duka sadaki ne?"

Nan ne mai hankali zai yi shiru. Alhaji Alhassan ya yi tari, ya sake tari. Amma jama'a sun taru, Zayyanu kuwa bai taɓa ganin taro ya bar shi ya tafi a banza ba.

"Baba," ya ce yana gyara hular kwano, "ai wannan somin-taɓi ne."

Bai rufe baki ba wani dogon Bafulatani ya ratso taron da sanda a kafaɗa, yana haki. Wakili ne, mai garken. Ya tsaya sallama da wani a bakin rafi, ya waiwaya ya ga dukiyarsa ta bi keke.

"Wane ne mai somin-taɓi da shanuna?"

Babu wanda ya nuna. Ba a bukata. Farar saniyar nan ta matso, ta zura harshe, ta lashi Zayyanu daga wuya har bayan kunne, a gaban surukinsa. Ya ci gaba da durƙuso, don ba a tashi gaban manya sai an ba da izini. Ta sake lasa. Wata ja ta zo ta kama ɗaya gefen.

Wakili ya yi kira, ya yi fito, ya ɗaga sanda. Ko saniya ɗaya ba ta juya ba. Ya sauke sandar ya fuskanci Malam Lawwali.

"Malam, ba ni son rigima. Gonaki sun tsira, in sun watse cikin gero mu duka mun shiga uku. Ba su komawa burtali sai da shi. Ku ara mani shi."

"Ɗauki," in ji Malam Lawwali. Sannan ya ɗaga murya wajen zana. "Ke kuma, an kusa tada salla. Ban ji komi ba."

Zayyanu ya miƙe. Bai ce Jos ba, bai ce tsauni ba. Ya kwance ragowar gishirin, ya ajiye a gaban Malam da hannu biyu, ya ce a ba shanun gida. Sannan ya juya ya kama hanya, garke na biye, ana lasarsa yana tafiya.

Mardiyya ta yunƙura, maganar da ta riƙe shekara guda na bakinta. Adda Surayya ta kama mata mayafi, ta fizge.

"Baba!" ta ce, da muryar da har masu alwala suka waiwayo. "Ina so. Na yi alkawari gaban kowa, za ni auri duk abin da shanun ga sunka rage."