Rasuwar F, Diskin Saminu na Bakin Tasha

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ido kuma yana kan wasu mutane, iyalan Saminu mai zuba waƙoƙi a katin salula, na bakin tashar Dogon Dutsi, ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki na nan gari da na Dumega da Ɗan Kassari rasuwar diskinsa, ɗan baƙin akwatin nan da bai fi tafin hannu ba, wanda kowa ya sani da suna F.

Marigayin mai riƙon amana ne. Wa'azi na cikinsa, kokowar shekaru na cikinsa, ga kiɗan gurmi, ga hotunan bikin mutane, bai taɓa haɗa kayan wani da na wani ba. Ba shi da yawan magana. In an jona shi ya ce "tin-din", sai ɗan "ƙirrr" in aiki ya yi nauyi. Saminu kan sa shi a aljihun ƙirji ko masallaci za shi, don bai yarda ya bar shi a shago ba.

To, ga abin da wasu ba su sani ba: sunan nan na aro ne. Na'urar Saminu ba ta san dangi ba, wanda ya fara shiga shi take kira F, na bayansa G. Tunda marigayin kullum shi ke riga kowa, sunan ya bi shi. Katin masu saye kuwa, kowanne ya zo G ne, Saminu ya share G tas, ya zuba waƙoƙi, mai kati ya tafi. Hannunsa ya saba har ba ya dubawa.

Ciwon ajali bai yi tsawo ba. Ran Juma'a kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, na'ura ta mutu, Saminu ya cire marigayin ya tafi salla. Ya dawo ya tarar wuta ta dawo, Rabo ɗan kabu-kabu na zaune a benci, yana cewa katinsa na ciki tuni, a share a sa masa sababbi. Saminu ya jona marigayin, ya ce "tin-din" lafiya lau, ashe sallama ce. Katin Rabo ya riga shi, ya karɓe F, bawan Allah ya koma G bai sani ba. Saminu ya danna a share G, na'ura ta yi tambayarta da Faransanci, Saminu ya amsa yadda ya saba. Wani ɗan "ƙirrr", shi ke nan. Aka buɗe ciki wayam.

Iyalai sun karɓi ƙaddara, amma suna da tambaya. Wa ya soka katin? Rabo ya rantse Ashiru mai cajin salula ya miƙa wa, wanda aka bar wa jiran shago. Ashiru ya rantse a kan tebur ya ajiye. Kati dai ba shi da ƙafa. Kuma wa ya kunna na'urar? Ba mu ce komai ba, sai dai an san ɗan baffan Rabo ya buɗe irin wannan shago a Dumega, an kuma san Ashiru ya daɗe yana cewa bencin Saminu na tare masa ƙofa. Masu cewa doguwa ce, aljanar tsamiyar bayan tasha, muna godiya, amma doguwa ba ta sauraron waƙa a salula.

Akwai kuma Hervé, malamin lakwal, makarantar boko, wanda ya zo gaisuwa tun ba a aika masa ba. Ya tuna wa Saminu, a gaban jama'a, cewa tun bara ya ce masa ya shiga cikin na'urar ya raɗa wa diskin suna na dindindin, harafi na can nesa wanda kati ba ya kaiwa. Gaskiya ne, ya faɗa. Amma ta yaya ya san abin zai faru? Kuma a cikin marigayin akwai fim ɗin auren Germaine, ƙanwar Hervé, wanda Saminu ya ɗauka a majami'a bai kai ga miƙawa ba, babu kwafinsa ko'ina. A fim ɗin nan ne aka ga Hervé ya taka rawa har ya zauna cikin kwanon miya. Saminu ya kwana biyu yana juya wannan a ransa.

Marigayin ya rasu ya bar wayar jona shi guda, wadda har yanzu ke rataye a ƙusa. Da jerin waƙoƙi a na'ura, marayu, duk wanda aka taɓa sai ya ce bai ga F ba. Da Saminu, wanda bai ci tuwon kirki ba tun ranar. Da Germaine, wadda ta gayyato dangin mijinta kallon fim ran Lahadi mai zuwa, kuma ba ta ji labari ba tukuna.

Ba za a binne gawar nan ba. An naɗe ta a ƙyalle, za a sa ta motar safe zuwa Yamai, wurin wani da aka ce yana tono abin da aka share. Kafin nan kada kowa ya jona ta, ko da nufin alheri. Ana zaman makoki a ƙofar shago bayan la'asar, kowa ya bar katinsa a gida. A nan za a raɗa wa magajinsa, sabon diski, suna S, a ɗaure sunan, Saminu da hannunsa, Hervé na faɗa daga nesa. Rabo da Ashiru su zo, a zauna su gefe ɗaya inda za a riƙa ganin su.

Germaine kuwa, duk wanda ya fara haɗuwa da ita, ya yi wa Allah ya karanta mata wannan sanarwa. Saminu ya je ƙofar gidanta ya dawo, ya kasa shiga.