Kwamfutar Hajara ranar bikin Rukayya

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da dusar ƙanƙara ta binne motoci a New York har aka hana mu tuƙi. Da ta narke aka sa ranar auren 'yata Rukayya, ni kuma a lokacin ina aji na biyu a makarantar yaƙi da jahilci ta Port Richmond, da furfurata da komai.

Matata Hajara, Allah ya jiƙanta, ita ce idona a ƙasar nan. Ita ke karanta mana duk takardar da ta shigo gida, ni nawa tuƙin tasi ne. Da ciwo ya ci ƙarfinta sai ta zauna gaban kwamfutarta, ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau, ta ɗauki kanta a bidiyo tana yi wa Rukayya faɗan da uwa ke yi wa amarya kafin a kai ta ɗakin miji. Ta ce da ni, "Malam, amana ce. Kada yarinyar nan ta gani sai ranar." Shi ya sa shekara uku na ɓoye kwamfutar a ƙasan akwati. Sau ɗaya na kalli bidiyon, ban kai ƙarshe ba.

Matsalar kwamfutar ɗaya ce: nawa. Idan ka kunna ta, za ka dafa shayi, ka shanye, ka wanke kofi, tana nan tana juya wani ɗan zobe. Hajara kan ce, "Rabu da ita, tsohuwa ce, sai ta gama gaishe-gaishe." Ban taɓa damuwa ba, don mutane sun shaide ni da haƙuri. Amma da na tuna dangin ango mutanen Kano ne, likitoci da malaman jami'a, sai na hango kaina tsaye a gabansu ina jiran zobe ya gama juyi. Za a ce ga direban nan ɗan Zangon Kumasi ta Ghana da tsohon ƙarfensa.

Rukayya ta san kwamfuta kamar yunwar cikinta, amma ita ce ba a so ta gani. Mai gyara kuma na ji kunyar ya kalli fuskar matata. Sai na ce ai yanzu na iya karatu (wata goma sha ɗaya kacal, amma kaina ya riga ya kumbura).

Ana gobe biki da la'asar na zauna gaban kwamfutar. Na bi kalmomin da yatsa ɗaya bayan ɗaya har na kai inda aka rubuta za a mayar da ita sabuwa. Na karanta da kaina, da ƙarfi, ba mai taya ni! Sai wani dogon bayani ya fito, layi a kan layi. Na karanta na farko, na ga sauran sun yi yawa, na danna. Ta ɗan daɗe tana aikinta, ta yi mini tambayoyi, na amsa. Na kashe, na kunna: kafin in ce bisimilla ta buɗe. Na rufe ta da murna, ban duba komai ba. Har na ce a raina da Hajara na nan da ta yaba.

An yi taron a wani zaure a Harlem. Bayan an ci abinci, yayar Hajara, Hajiya Ladi, ta karɓi lasifika ta ce uwar amarya ta bar saƙo. Rukayya ta ɗaga mayafi tana kallona, idonta ya ciko. Na kunna kwamfutar, ta buɗe nan take, har wani kawun ango ya ce, "Kai, Alhaji, wannan ai ta fi tawa sauri!" Na ce (Allah ya yafe mini), "Ni na gyara ta da hannuna."

Na nemi hoton Hajara a kusurwar da yake zama. Babu. Allo shuɗi fes, kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Na danna nan, na danna can. Rukayya ta taso da kayan amarci ta duba. Ta daɗe. Sannan ta ce a hankali, da Hausarta da ba ta cika fita ba, "Baba, me ka danna?"

Na gaya mata, lasifika kuma a kunne, kowa ya ji.

Hajiya Ladi ta ce, "Inna lillahi. Issaka, shekara uku ka yi haƙuri, minti goma ne ya gagare ka?" Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Rukayya ba ta yi mini faɗa ba. Ta kama hannuna ta ce, "Kai ka gani. Faɗa mini abin da ta ce." Haka na tsaya a tsakiyar mata, ƙato da ni, ina yi wa amarya faɗan uwa. Abu biyu na iya tunawa: kada ta kwana da fushin miji, kuma ta riƙa kiran babanta duk Juma'a, don ba ya iya cewa yana kewa. A nan na tsaya, don a nan na kashe bidiyon wancan karon.

Daga baya mun kai wa masu gyara biyu, suka ce an makara. Ashe dogon bayanin nan gargaɗi ne cewa duk abin da ke ciki zai goge. Malamarmu ta yaƙi da jahilci ta sha gaya mana a karanta shafi har ƙarshe. Yanzu ko takardar magani ce sai na kai layin ƙarshe.

Kwamfutar tana nan, tana buɗewa da sauri. Abin da ya tafi: hotunan shekara tara, karatun Hajara na Ƙur'ani guda huɗu, da bidiyo ɗaya wanda rabinsa ba wanda ya taɓa ji.