Ranar da Kalangu Ya Ƙwace Mini Kiɗa

Ba zan taɓa mantawa da bikin ɗan Alhaji Sani a Kurfi ba, ko da yake ƙila wasu abubuwan sun cakuɗe mini, don kunya ba ta barin mutum ya riƙe komai daidai.

Na dawo daga jami'a da digirin kiɗa da wani buri: in haɗa goge, garaya, sarewa da kalangu su bi rubutaccen kiɗa ɗaya, irin wanda ake zama shiru a saurara. Na tara makaɗa daga Dutsin-Ma, muka yi ta gwaji a zauren gidanmu (maƙwabta sun nuna goyon baya ta hanyar rufe tagogi). Alhaji ya gayyace mu bikin, ya ce in abin ya burge baƙinsa zai ɗauki nauyin ƙungiyar. In bai burge ba, makaɗan sun riga sun ce kowa zai kama gabansa.

Ranar bikin na ɗaga 'yar sandata, na juya wa jama'a baya kamar yadda aka koya mana. Sai na ji wata tsohuwa:

"Ɗan wa ye wannan mai ba manya ƙeya?"

"Ɗan Malam Idi ne, Inna. Ƙuda yake kore musu."

Muka iso wurin da na fi taƙama da shi, inda sarewa kaɗai ke kuka a hankali. A daidai nan, ashe, Sarkin Noman Tamawa ya shigo. Baba Ɗanjuma mai kalangu kuwa tun kakanni gidansu ke yi wa gidan nan kiɗa. Ba zai gan shi ya yi shiru ba. Ya saki takensa. Goge ya bi, garaya ta bi, fili ya kaure da guɗa. Ni da na ba ƙofa baya ban ga komai ba. Ina ta kaɗa sanda ina raɗa, "Baba, ba a zo wurinka ba!"

"Yaro, matsa, ka tare min shi."

Da aka tashi Alhaji ya riƙe hannuna. "Malam, farkon ya ɗan sa mu gyangyaɗi, amma ƙarshen nan da ka tsara, madalla! Na ɗauke ku. Daga ƙarshen nan za ku riƙa farawa."

Na ce, "Na gode, Alhaji. Ya ci mini lokaci."

Ƙungiyar na nan har yau, ni ma ina nan da sandata, sai dai yanzu ƙofa nake fuskanta. Wanda ya halarta, in na yi kuskure ya aiko da gyara. Batun ƙuda kam kada ya wahala, da kunnena na ji.