Mai Neman Matarsa Ta Bar Shi

Wani ne a Nashville, mai facin taya, ya ɗora ransa a kan tsohuwar waƙar nan ta mutumin da matarsa ta gudu da karensa. Mawaƙa shida sun sake rera ta, kowanne ya hau lamba ɗaya a jerin waƙoƙin mako. Shi ma ya buga nasa faifan. Ya zo na casa'in da tara, mako na biyu aka neme shi aka rasa.

Ya tafi wurin Buford mai situdiyo. "Me suka fi ni da shi?"

Buford ya ce, "Ɗan'uwa, mutanen nan shida kowanne sai da matarsa ta bar shi. Kai kuwa muryarka ta ƙosasshe ce. Ana jin ƙwai da naman safe a cikinta."

Gogan naka ya koma gida, ya tarar da matarsa Darlene tana soya kaza.

"Darlene, don Allah ki bar ni."

"In bar ka ka yi me?"

"A'a, ki tafi gaba ɗaya. Da karenmu."

"Shekara ashirin da biyu ina jure minsharinka, sai yau? Wanke hannu ka ci abinci."

Ya haɗa mata kaya, ta warware. Ya cika wa akori-kurarsa mai, ta je cefane ta dawo. Da dabara ta ƙare sai ya ɗauko jita.

"To zauna ki ji abin da kike hana ni."

Bai gama baiti na biyu ba karen ya shige mota da kansa. Darlene ta kashe murhu ta bi shi.

A Memphis, gidan yayarta, wani ya ji tana rera waƙar a bakin wanke-wanke, ya kai ta situdiyo. Mako tara tana lamba ɗaya.

Gogan ya buga waya gidan rediyo yana huci. "Ni fa aka bari! Ni ne ba mata, ba kare, ba mota! Me ya sa nata kuke sakawa?"

Mai shirin ya ce, "Bawan Allah, mun saurari naka. Tun ba a kai amshi ba ni ma na fara neman makullin motata."